Fukafukai Ashirin, Kaza Nawa?



Kaza fiffike biyu Allah Ya ba ta. Wannan lissafi ne da ko yaron da bai fara riƙe allo ba ya san shi. Saboda haka duk farantin da aka ajiye a gabanmu ɗauke da fukafukai ashirin, kaji goma ne suka taru a cikinsa, kuma a cikin goman nan babu wadda ɗayanmu ya gani tana tafiya da ƙafarta. Ba mu san gonar da ta tashi ba, ba mu san hannun da ya yanka ta ba, ba mu san watannin da ta yi cikin ƙanƙara kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Tema ba. Abin da muka sani kawai shi ne ƙamshin lemun tsami da citta da ke tashi daga farantin, kuma ƙamshin nan, a faɗi gaskiya, yana da daɗi.

Gasasshen fiffike da aka jiƙa a ruwan lemu ya shiga gidajenmu a 'yan shekarun nan, tun daga Nima da Mamobi har Aboabo da Asawase. 'Ya'yanmu mata sun koyo shi a waya, suna yin sa a buɗa-baki da ranar suna da walimar sauka, wasunsu ma har sun mai da shi sana'a. Ba mu da ja da wannan. Mun fi so a gasa shi a tsakar gida, a gaban idon uwar gida, da a aiki yaro bakin titi ya sayo wanda aka soya a man da ya kwana uku a kasko. Jayayyarmu a wuri ɗaya take: an ɗora wa lemun tsami aikin da ba nasa ba. Aikinsa ƙamshi ne da ɗanɗano. Mu kuwa mun mai da shi sabulu, mun mai da shi likita, wani lokaci ma mun mai da shi mayafin rufa wa ɓataccen nama asiri.

A gidajen da muka tashi, kaza da ranta take shigowa, ƙafafu a ɗaure, tana kuka. Ba kullum ake cin ta ba. Sai an yi baƙo na kirki, ko Sallah, ko mace ta haihu, ko mara lafiya ya fara murmurewa. Maigida ne ke yanka, idan ba ya nan a kira malamin unguwa. Rabonta kuma yana da tsari: cinya ga baƙo, ƙundu ga maigida, kai da ƙafa da wuya da fiffike ga yara. Ba a taɓa jin wanda ya je kasuwa sayen fiffike shi kaɗai ba, kamar yadda ba a zuwa wurin tela sayen hannun riga a bar rigar. Wasu dattawa suna kukan cewa farantin fukafukai ya rushe wannan tsari, tun da a cikinsa babu rabon babba, babu na ƙarami. Mu dai ba mu ga abin kuka a nan ba. Ƙanwar da a da take samun ƙafa ɗaya, yau tana ɗaukar abin da yayanta ya ɗauka, kuma ba mu ji tarbiyyarta ta ragu da hakan ba.

Abin da ya kamata a tambaya shi ne yadda aka yi fiffike ya rabu da kazarsa. Mutanen Turai da Amurka sun fi son tsokar ƙirji, ita ce mai tsada a wurinsu, kuma a kanta masana'anta take fitar da mafi yawan ribarta. Sauran, wato baya da wuya da ƙafa da fiffike da wani ɓangare na cinya, sai a daskarar da su, a zuba a kwali, a nemi inda za a kai. A Amurka fiffike ya sami daraja daga baya. Labarin da aka fi yaɗawa shi ne a 1964 wata mai gidan abinci a birnin Buffalo ta soya shi ta zuba masa yaji, har ya zama abincin 'yan kallon wasa. Amma abin da ke zuwa mana daga Holan da Polan da Beljiyam da Birazil da Amurka, ragowar ciniki ne da aka riga aka ci ribarsa a wani wuri. Shi ya sa yake iya tsallako teku ya biya kuɗin jirgi da na kwastan, kuma duk da haka ya fi kazar da aka yi kiwonta a Dormaa araha.

A farkon shekarun 1990 mafi yawan kajin da ake ci a Gana a cikin ƙasa ake kiwon su. Da aka buɗe kasuwa, kajin kwali suka yi ta kwararowa. A 2003 majalisar dokoki ta amince a ɗaga harajin shigo da naman kaji daga kashi 20 zuwa kashi 40 cikin ɗari, amma ba a je ko'ina ba aka dakatar da ƙarin bayan tattaunawa da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Manoma da yawa suka bar kiwon kajin nama suka koma na ƙwai, sai dai su yi kiwo kaɗan don Kirsimeti da Ista da Sallah. Yau gwamnati da bakinta take faɗin cewa ƙasar nan na kashe fiye da dala miliyan 300 a shekara wajen shigo da naman kaji. Ku duba kwanon da ake jiƙa fukafukan nan. Lemun tsami daga wajen Asebu, lemun zaƙi daga Kade ko Akim Oda, citta daga ƙasar Ashanti, albasa daga Bawku ko Galmi a hannun 'yan uwanmu fatake, gawayi daga arewa. Duk abin da ke cikin kwanon namu ne, in ban da kazar.

To, ita wannan kaza, rayuwarta bayan yanka ta dogara ne a kan abu ɗaya: sanyin da bai yanke ba. Daga masana'anta zuwa jirgi, daga jirgi zuwa rumbun sanyi a Tema, daga nan zuwa mota, zuwa kolsito na unguwa, zuwa tiren mai sayarwa a kasuwa, zuwa firijin gidanmu. Duk inda sanyin ya yanke, naman ya saki, ƙwayoyin cuta sun farka. Sake daskarar da shi ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi har zuwa sakin gaba. Wanda ya rayu a shekarun dumso, musamman 2015 lokacin da ake ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, ya san irin ruwan jinin da ke malalowa daga ƙarƙashin firiza, ya kuma san cewa ba kowane mai shago ne yake zubar da hajarsa ba. Ko yanzu da wuta ta gyaru, dubi tiren fukafukai a rana tsaka a kasuwa, ƙuda na kai-kawo, mai sayarwa tana yayyafa ruwa don su yi sheƙi. Abin da bai ƙare ba da yamma, firiza zai koma.

A nan ne lemun tsami yake shigowa. Kowace uwa a zango ta san bambancin ƙarni da wari. Ƙarni halittar ɗanyen nama ne, lafiyayyar kaza ma tana da shi, kuma lemu yana kawar da shi. Wari kuwa saƙo ne. Hanci ne yake gaya wa ciki cewa kada ya karɓa. Idan aka murza lemun tsami biyar a kan fiffiken da ya fara yauƙi yana tashi, aka ƙara citta da tafarnuwa, saƙon ne aka toshe wa baki, cutar tana nan daram. Masu bincike a jami'ar Drexel ta Amurka sun gwada wannan al'ada ta wanke kaza da ruwan lemu ko ruwan khal, suka buga sakamakon a 2018: ƙwayar salmonela ta rayu a jikin naman, ta kuma rayu a ruwan wankin. Ruwan nan shi ne ake watsawa a bakin rariya inda yara ke wasa, shi ne ke fantsama kan tumatir da latas da ba za su ga wuta ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan walima sai a ji gida uku na fama da amai da gudawa, a ce sanyi ne, ko a ce baki ne. Babba yakan sha wahala ya tashi. Yaro ɗan shekara biyu, da tsohuwa, da mai ciki, su ne gudawar kwana biyu take iya kaiwa gadon asibiti.

Hukumar kula da abinci ta Ingila ta yi gangami a 2014 tana cewa a daina wanke ɗanyar kaza gaba ɗaya. Mun san wannan shawara ba za ta karɓu a gidan Bahaushe ba, kuma ba mu ce ta karɓu ba. Mu mutane ne da ba sa ɗora nama a wuta da jini a jikinsa. Amma akwai wanki, akwai wanki. A wanke a kwano mai zurfi, ba a ƙarƙashin famfo yana fesawa ba. A zubar da ruwan a hankali a inda ba a taka shi. A bi kwanon da wuƙar da katakon yanka da hannuwa da sabulu kafin a taɓa wani abu. Mai kashe cutar wuta ce, ba lemu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafi ya kai digiri 70 a cikin naman, hukumomin Amurka kuma suka ce 74 ga kaza. Shi ma wutar tana da iyaka: naman da ya riga ya ruɓe, wasu ƙwayoyin sun zuba masa dafin da gashi ba ya karyawa. Irin wannan fiffike maganinsa kwandon shara, ko nawa aka saye shi.

Idan kuwa fiffiken lafiyayye ne, to lemu ya sami filin da zai nuna gwanintarsa, kuma akwai abin koyo a nan, domin da yawa daga cikin masu yi suna ɓata shi da yawan so. Tsamin lemu ba ya shiga can cikin nama. A bayan fata da saman tsoka yake tsayawa, yana sauya su kamar yadda zafi ke yi. Shi ya sa za ka ga naman ya yi fari-fari tun bai ga wuta ba. Idan ya daɗe, saman ya yi gari-gari, ya saki ruwansa, a gasa ya fito a bushe. Kajin kwali 'yan sati shida ne ko bakwai, namansu bai yi ƙwarin da zai jure kwana a cikin tsami ba. Awa ɗaya zuwa biyu a firiji ya isa. Gidan da babu firiji, rabin awa a rufe a inuwa, kada a wuce haka, domin zafin garinmu shi ne daidai zafin da ƙwayoyin cuta suke so. Abin da yake ratsawa har ƙashi gishiri ne. Mai son ɗanɗano ya shiga ciki, ta barbaɗa gishirinta tun da wuri, ko tun dare idan akwai firiji, ta bar lemun sai an kusa hura wuta.

Ga kilo ɗaya, wato fukafukai goma zuwa sha biyu, abin da muka ga gwanaye suna yi ke nan. A bar su su saki a cikin firiji, ba a rana ba. A raba kowane fiffike a gaɓoɓinsa. Ɗan tsinin ƙarshen nan a ajiye shi don romo, a wuta ƙonewa kawai yake yi. A matse lemun tsami huɗu da lemun zaƙi ɗaya, a tace 'ya'yan, domin su da farin ɓawon ciki su ne ke kawo ɗaci. Kafin a matse, a gurza koren bayan lemun tsami biyu a hankali ba tare da an kai ga farin ba. Wannan koren shi ne sirrin, a cikinsa man ƙamshin yake, kuma shi ne mafi yawan mutane ke jefarwa. A niƙa citta gwargwadon babban yatsa, da tafarnuwa ƙwaya huɗu, da attaruhu ɗaya ko biyu, da ɗan masoro, a asanka ko a turmi. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, man gyaɗa babban cokali biyu, albasa babba ɗaya a yanka ta sirara. Mai son kimba ta fasa ɗaya ta jefa, ta cire kafin gashi. Dunƙulen magi kuwa, mun san ba za a ji maganarmu ba, amma rabi ya wadatar. An saba zuba uku har lemun ya rasa bakin magana. A haɗa a kwanon roba ko na tangaran. Kada a yi a tukunyar dalma, tsami yana cin ta, ya bar wa nama ɗanɗanon ƙarfe.

Lokacin gashi, a tsamo fukafukan a share musu albasa, a tsane su da tsumma mai tsabta. Fata mai jiƙe ba ta yin ƙurus, dahuwa take yi da tururi. A bar gawayin kurfoti ya ci ya zama garwashi mai farin toka, sannan a ɗora waya. Zaƙin lemun zaƙi shi ke ba da launin nan ja mai sheƙi, shi ne kuma ke saurin ƙonewa, don haka wuta mai harshe ba ta dace ba. A tara garwashin gefe guda, a riƙa juyawa ana matsar da wanda ya yi duhu zuwa gefen da ba zafi, kamar minti 25 zuwa 30. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai cincinga yana aiki ya ga wannan dabara; sana'ar kakanninmu ce, da ita aka san Bahaushe a kowane lungu na ƙasar nan. Mai oben ta sa shi a digiri 200, minti 40 zuwa 45, ta juya sau ɗaya. A tsaga mafi kauri a duba: ruwan da ya fito ya zama garau, tsokar ta saki ƙashi. Duhun da ake gani a jikin ƙashin kajin ƙanƙara ba lallai ɗanye ba ne, ɓargo ne ya tsattsafo saboda daskarewa, kada a ƙone nama saboda shi.

Saura ruwan jiƙon. Ɗanyar kaza ta zauna a cikinsa, don haka ba a shafa shi a kan gasasshe haka nan, ba a kuma mayar da gasasshe cikin kwanon da ɗanye ya fito. A juye shi da albasarsa a tukunya, a tafasa shi sosai har albasar ta yi laushi ruwan ya yi kauri, sannan a zuba a kai. Wanda ya yi haka ya kusa kaiwa ga yasa, girkin mutanen Kasamans a kudancin Senegal, wanda shi ne babban gidan kaza da lemu a yankinmu na Afirka ta Yamma. Su sukan jiƙa kaza da lemu da albasa mai yawa, sau da yawa da mustad, su gasa ta ta ɗauki hayaƙi, sannan su mayar da ita cikin albasar ta ƙarasa nuna, a ci da farar shinkafa. 'Ya'yanmu da suke ɗauka girkin daga Amurka ya zo, su sani maƙwabta sun riga su. Tsohuwar kazar ƙwai ko kazar gida mai tauri, wannan hanya ce ta dace da ita. Ba lemu ne ke tausasa ta ba, doguwar dahuwa ce a kan ƙaramar wuta. Senegal ɗin nan kuwa ta rufe ƙofarta ga naman kajin waje tun 2005, lokacin murar tsuntsaye, don haka kazar da ke cikin yasar Dakar tasu ce.

Akwai wata tambaya da lemu ba ya amsawa ko kaɗan, ita ce ta yanka. Mu da muka zauna a zaure muka karanta Risala mun san sharuɗɗan a mazhabar Malikiyya: niyya, da ambaton sunan Allah, da yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ta gaba, ba tare da ɗaga hannu ba kafin a gama. Mun kuma san aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abota Littafi, kamar yadda aya ta 3 ta haramta mushe. Inda malaman zamani suka tsaya suka yi dogon nazari shi ne masana'antar da ke yanka dubban kaji a awa guda da inji, bayan an sumar da su da lantarki ko iskar gas. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta fifita yankan hannu ga kaji, ta yarda da na inji idan sharuɗɗa sun cika, amma ta ƙi yarda da sumar da kaji da lantarki, bisa dalilin cewa wasu sukan mutu kafin wuƙa ta iso. Wasu malaman sun sassauta fiye da haka. Mu ba masu fatawa ba ne, aikinmu riƙe alƙalami a ƙofar manya, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da muke nunawa ƙarami ne, kuma a fili yake. Kwalaye da yawa, musamman na Birazil da ke sayar wa ƙasashen Larabawa, suna ɗauke da hatimin halal. Wasu ba su da shi. Da zarar an farke kwali an juye fukafukai a firiza, an cakuɗa na wannan da na wancan, hatimi ya tafi tare da kwalin, haka ma sunan ƙasa da ranar yanka da ranar ƙarewar wa'adi.

Shi ya sa muke cewa a nemi ganin kwali. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma zargi ba ne. Mai sayen atamfa yana duba bakin zane, mai sayen magani yana duba kwanan wata, to me ya sa mai sayen abin da zai shiga cikin 'ya'yansa zai ji nauyin tambaya? Kwalin kilo 10 fukafukai ne wajen ɗari, kaji hamsin ke nan. Gida huɗu ko biyar suna iya haɗa kuɗi su saye shi a rufe, su karanta abin da ke jikinsa, su raba a take kowa ya kai nasa sanyi. A duba ko kwalin ya taɓa jiƙewa ya bushe, ko akwai jan ƙanƙara da ya taru a ƙasan leda, ko fukafukan sun dunƙule sun zama dutse guda. Duk alamu ne na naman da ya saki aka sake daskarar da shi. Mai shagon da hajarsa ke da kyau ba ya fushi da wannan tambaya. Wanda ya ga abin da ya wuce misali, Hukumar Kula da Abinci da Magunguna don haka aka kafa ta.

Mun san abin da za a ce mana, kuma mai faɗa yana da gaskiya. Za a ce magatakarda yana magana kamar bai san farashin kaza mai rai ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara shida a ɗaki ɗaya a Nima, ba za ta iya sayen kaza sukutum ba, amma tana iya sayen rabin kilo na fiffike yaranta su ji ɗanɗanon nama ranar Juma'a. Kajin kwali sun kai nama gidajen da a da sai Sallah suke ganin sa, kuma duk wanda ya raina wannan bai taɓa kwana da yunwa ba. An ce araha ba ta ado, amma talaka ba ado ya fito nema ba. Don haka ba mu cikin masu cewa a rufe tashar Tema gobe da safe.

'Yan uwanmu na Kamaru sun bi waccan hanya, kuma akwai darasi a tafiyarsu. A 2004 ƙungiyar ACDIC, ƙarƙashin Bernard Njonga, ta ɗebo samfurin kajin ƙanƙara daga kasuwanni ta kai Cibiyar Pasteur ta Yawunde, aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari ba su dace da cin ɗan Adam ba. Jama'a suka tashi, gwamnati ta taƙaita shigowa, daga baya ta hana. Kiwon gida ya farfaɗo, amma mai saye ya ji a aljihunsa. Nijeriya ma ta hana tun farkon shekarun 2000, sai kajin suka koma bi ta Kwatano a ɓoye, cikin motocin da ba su da sanyi, abin da ya fi na da muni. Doka ita kaɗai ba ta cika tukunya.

A ganinmu, abin da ya ba kajin kwali nasara ba arahar kilo ba ce kaɗai. Sun zo a yanke ne, a fige, a rarrabe, mutum ya sayi gwargwadon kuɗinsa. Kazar gida kuwa har yau sai dai ka saye ta ɗungurungum, da gashinta da kukanta. Gwamnati ta sanar da shirin Nkoko Nkitinkiti a 2025 na raba 'yan tsaki ga gidaje, muna yi masa fatan alheri, ko da yake wanda ya san gidajen haya na zango ya san ko wurin shanya babu, balle na akurki. Gurbin da yake a buɗe a tsakanin manomi da tukunya yake, kuma wannan gurbi namu ne tun asali. Fawa sana'armu ce a ƙasar nan. Mahautanmu sun san yadda ake rarraba sa guda ga mutum ɗari, kowa da abin da aljihunsa ya iya, amma sun bar kaza ga mai firiza.

Roƙonmu ga sarakunan fawa da shugabannin kasuwa shi ne a gwada, ko da a rumfa ɗaya ce a kowane zango. A yi yarjejeniya da manomi ɗaya ko biyu na kusa, a kawo kaji da rai, a yanka da asuba a hannun wanda jama'a suka sani, a fige, a rarraba: ƙirji ga masu gidajen abinci da ke biyan sa da tsada, cinya da fiffike da baya da ƙundu a kan sikeli ga matan unguwa, a ajiye a kan ƙanƙara, a sayar kafin azahar. Masu cincinga su ɗauki abin da ya rage don gashin yamma. Fukafukan ba za su yi yawa ba, tun da kaji talatin fiffike sittin ne kawai, don haka mai walima sai ta faɗa tun jajibiri, ko ta haɗa da cinya, wadda ita ma tana karɓar lemu da citta yadda ya kamata, sai dai tana bukatar ƙarin kamar minti goma a kan garwashi.